Tambayoyi Masu Amsa Fiye Da Ɗaya A Jarrabawar NCLEX

Tambaya: Anti, ni ma'aikaciyar jinya ce, ina shirin NCLEX, jarrabawar samun lasisin aikin jinya ta Amurka. Tambayoyin da ake cewa a zaɓi duk amsoshin da suka dace su ke kayar da ni. Ko na zaɓa da yawa, ko na rage. Ina mafita?

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki. Tun watan Afrilun 2023 hukumar NCSBN, mai shirya jarrabawar, ta sauya yadda ake ba irin waɗannan tambayoyi maki: amsar daidai maki ɗaya, ta kuskure a cire ɗaya, amma ba a sauka ƙasa da sifili. Don haka cankar da babu hujja asara ce.

Ga yadda nake koya wa ɗalibaina. Ki ɗauki kowace amsa ita kaɗai, ki tambayi kanki: gaskiya ce ko ƙarya? Misali alamun faɗuwar sukari: gumi, e, rawar jiki, e, rikicewa, e, yawan fitsari, a'a, wannan na hauhawar sukari ne. Kada ki damu da yawan waɗanda kika zaɓa.

Bayan kowane gwaji, ki karanta dalilin kowace amsa, har wadda kika ci. Nan ɗalibai ke yin kasala, kuma yana damuna sosai.