Hukuncin kai yaro gidan mari ko cibiyar "juya sha'awa"

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina da ɗa mai shekara 22, mai tsare sallah ne, ba ya shaye-shaye. Wata uku da suka wuce ya samu mahaifiyarsa a ɗaki yana kuka, ya ce tun yana ƙarami zuciyarsa ga maza take karkata, ba ga mata ba, kuma ya rantse bai taɓa aikata komai ba. Tun ranar barci ya ƙaurace wa idona. Yayana ya ce a kai shi gidan mari a hore shi har ya dawo hanya. Wani ɗan'uwanmu mazaunin Amurka ya ce akwai cibiyoyin addini a can masu canza irin wannan hali. Mahaifiyarsa kuma ta ce a yi masa aure da gaggawa. Wanne shari'a ta yarda da shi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yaye maka wannan damuwa, ɗan'uwa. A taƙaice: babu ko ɗaya cikin ukun nan da zan ba ka fatawar halaccinsa a yadda aka kawo maka shi. Ga dalili.

Mu fara da raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Aikata luwaɗi haramun ne, malaman mazhabobi huɗu ba su yi saɓani a kai ba, kuma labarin mutanen Annabi Luɗu a Suratul A'araf sananne ne. Amma ɗanka bai ce ya aikata ba. Abin da ya faɗa shi ne zuciyarsa na karkata, ita kuwa karkatar zuciya ba a rubuta wa bawa zunubi a kanta. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce Allah ya yafe wa al'ummarsa abin da zukatansu suka raya musu matuƙar ba su aikata ba, ba su kuma furta ba. Furucin da ake nufi ba shi ne na yaron da ya kai kukansa ga mahaifiyarsa ba. Wannan neman taimako ne. A hadisin Ibn Abbas kuma, wanda ya yi nufin saɓo sannan ya bari, Allah yana rubuta masa cikakken lada. To ka duba matsayin ɗanka a ma'aunin shari'a: saurayi ne da aka jarraba, ya kame kansa shekara da shekaru shi kaɗai. A wane littafin fiƙihu aka ce a sa wa irin wannan mari?

Gidan mari ke nan. Haramun ne ka kai shi, kuma wanda ya ba ka shawarar, duk da yayanka ne kuma alheri yake nufi, ya yi kuskure. Ɗaure baligi mai hankali da dukansa ba tare da laifin da ya tabbata a gaban alƙali ba zalunci ne, uba ba shi da wannan iko, malamin da ke karɓar kuɗi a kan hakan shi ma ba shi da shi. Muslim ya ruwaito daga Hisham bin Hakim cewa Allah zai azabtar da masu azabtar da mutane a duniya. Ba mu manta abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan maza da yara daga wani gidan horo, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala, wasunsu suna cewa an yi lalata da su a ciki. Bayan makonni kaɗan aka sake ganin irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can gyara suka je nema. Haka nan masu cewa aljani ne, su tsare yaro da duka da hayaƙi da sunan ruƙiyya. Ruƙiyya karatun Alƙur'ani ce da addu'a, kai ma za ka iya yi masa da bakinka, babu bulala a cikinta.

Batun cibiyoyin Amurka kuwa sai na ɗan tsawaita, don ɗan'uwan naku labarin da ya tsufa ya ba ka. Babbar ƙungiya a wannan fage a da ita ce Exodus International, ta Kiristoci, wadda aka kafa a 1976, ta yi kusan shekara 37 tana yi wa mutane alkawarin canji. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Michael Bussee, ya fice tun 1979, daga baya ya nemi afuwar waɗanda aka cutar. A Janairun 2012 shugabanta Alan Chambers ya faɗa a bainar jama'a cewa kashi 99.9 cikin ɗari na waɗanda ya sani sha'awarsu ba ta canza ba, a Yunin 2013 ya nemi gafara, aka rufe ƙungiyar. Likitan ƙwaƙwalwa Robert Spitzer, wanda bincikensa na 2003 a kan mutum 200 shi ne babbar hujjar waɗannan ƙungiyoyi, ya janye daga sakamakonsa a 2012, ya ce babu hanyar tabbatar da abin da mutanen suka faɗa masa ta waya. Wata ƙungiyar Yahudawa mai suna JONAH kuma, kotu a jihar New Jersey ta same ta da laifin yaudarar masu biyanta kuɗi a 2015. Malta ta hana wannan aiki a 2016, Jamus ta hana yi wa yara a 2020, Kanada da Faransa suka biyo baya a 2022.

Ba daga dokokin waɗannan ƙasashe muke ɗaukar halal da haram ba, kuma ra'ayinsu a kan luwaɗi ba namu ba ne. Abin da ya sa na kawo su shi ne, a wajen malaman fiƙihu babu hujjar da ta kai iƙirarin mutum a kan kansa ƙarfi. Masu sayar da maganin da kansu sun ce ba ya aiki. Kafin su, likitocin Turai da Amurka sun gwada jona wa mutane wutar lantarki da allurai masu sa amai da masu kashe sha'awa. Irin na ƙarshen aka yi wa masanin lissafi Alan Turing a Ingila a 1952. Ƙungiyoyin likitoci sun danganta waɗannan hanyoyi da ciwon damuwa mai tsanani da yunƙurin kashe kai. Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, ya kuma ce wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da likitanci ba, shi zai ɗauki alhakin abin da ya faru. Da sahabbai suka nemi izinin dandaƙe kansu don tsoron fitina, hana su ya yi. Shari'a ta umarci mutum da kame gaɓɓansa, ba ta ɗora masa tumɓuke abin da ke zuciyarsa ba, domin Allah ba ya kallafa wa rai sai abin da zai iya.

Sai aure. Mahaifiyarsa uwa ce, tana neman mafita mafi kusa, amma yarinyar da za a auro 'yar wasu ce, ba magani ba ce. Tana da haƙƙin kwanciya da ƙauna a kan mijinta. Idan kun san ba zai iya sauke wannan haƙƙi ba kuka rufe, kun shiga cikin faɗin Annabi (SAW) cewa wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Kuma ba a tilasta wa namiji baligi aure. In wata rana shi da kansa ya ga zai iya riƙe mace da adalci, wannan magana ce daban. In bai iya ba, zama babu aure tare da kamewa ba laifi ba ne. Imam Nawawi da Ibn Taimiyya har suka rasu ba su yi aure ba.

Abin da ya wajaba a kanka yanzu shi ne rufin asiri. Maganar ta riga ta kai kunnen mutum biyu a dangi, ka kira su ka roƙe su ta tsaya nan. Wanda ya rufa wa Musulmi asiri Allah zai rufa masa, kuma ka san halin unguwanninmu: zargi kaɗai ya isa a hallaka yaro. Sannan ka tuna saurayin da ya zo ya nemi Annabi (SAW) ya yi masa izinin zina, sahabbai suka taso masa, shi kuwa ya ce ya matso kusa, ya yi masa magana a hankali, ya ɗora hannu a kansa ya yi masa addu'a. Ka kira ɗanka ku zauna ku biyu. Ka faɗa masa da bakinka cewa kai ubansa ne har gobe, gidan nan gidansa ne. Kada ka cire shi daga makaranta, kada ka raba shi da masallaci. Idan ka ga ya daina cin abinci, ya keɓe kansa, ko yana ambaton mutuwa, ka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a asibiti ba tare da jinkiri ba, don a duba damuwar da ke cinsa, kuma kada a bar shi shi kaɗai a waɗannan kwanaki.

Wallahu a'alam.