Kwana nawa katakon daɓe zai yi a gida kafin a kafa shi?

Wani mai sayar da katakon daɓe, wanda kuma yake da yara masu kafawa, ya aiko mini da tambaya. Ya samu aikin falo da ɗakuna uku, da katako zalla mai kauri. Mai gidan yana son tarewa ƙarshen wata, kamfanin da ya yi katakon kuma ya rubuta a jikin kwali cewa a bar shi ya saba da iskar gidan tukuna. "In na jira mako guda," in ji shi, "yarana suna zaune ina biyansu, kuɗina yana kwance, mai gida sai kira yake yi. Jiran nan dole ne, ko kamfani ne kawai ke kare kansa?"

Malam, kamfani yana kare kansa, ba shakka. Sai dai abin da yake gudu ɗin kanka zai faɗo in ka tsallake wannan mataki, domin ranar da daɓen ya kumbura lambarka mai gida zai kira, bai san wani kamfani ba.

Katako ko an sare shi, an busar, an shafa masa banish, bai daina shan danshin iska ba, bai kuma daina fitar da shi ba. In iskar ɗaki ta fi shi laima sai ya sha ya kumbura, in ta fi shi bushewa sai ya tsuke. Kuma ta faɗi yake motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Ɗauki katakon wani itace da ake kira jan oak, wanda aka yanka a kwance, mai faɗin milimita 125. In danshin cikinsa ya ƙaru da kashi 3 cikin 100, kowane falle zai ƙara wajen milimita 1.4. Ka ce wannan ai ba komai ba ne. To falo mai faɗin mita 5 yana cin falle 40, ka ga a lissafi an kai milimita 55, fiye da santimita biyar, ga bango hagu ga bango dama. Tunda babu wurin zuwa, sama zai yi. Na taɓa shiga wani falo da tsakiyarsa ta yi tozo har ƙofa ta ƙi buɗuwa, in ka taka sai ka ji yana lotsawa ƙarƙashin ƙafarka. Mai aikin ya kafa ne kwana biyu da gama filasta.

Inda nake so ka gyara tunani shi ne kan ƙirga kwanaki. Za ka ji ana cewa kwana uku, wasu su ce biyar, wasu mako biyu. Kwanakin ba su ne ma'auni ba. Katakon da ya yi kwana goma a gidan da filastarsa ba ta bushe ba, tagogi ba gilashi, fenti na ɗanye, ya fi wanda aka sauke yau lalacewa, domin laimar gini ya zauna yana sha. Daga baya mai gida ya tare, ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, iska ta bushe, sai ka ga tsaga ta buɗe tsakanin falle da falle har tsabar kuɗi ta shige. Haka kuma kwalin da aka jibge a kusurwa da ledarsa a ɗaure, ko wata ya yi bai san iskar ɗakin ba.

Don haka gidan ne ke fara shiryawa. A sa ƙofofi da tagogi, a gama duk aikin da ya shafi ruwa, siminti da filasta da tayil da fenti, a kunna na'urar sanyi ko ta ɗumi kamar yadda za a riƙa yi in an tare. Ƙungiyar masu daɓen katako ta Amurka, NWFA, tana ba da shawarar na'urorin su yi aƙalla kwana 5 suna aiki kafin a kawo katako, laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50, zafi kuma kimanin digiri 15 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyos. A irin wannan yanayi katako yakan daidaita a danshi kashi 6 zuwa 9. In yankin da gidan yake ya fi haka laima, abin nema shi ne katakon ya kai matsayin da zai zauna a kai tsawon shekara a wannan gida.

Sai ka sayi na'urar auna danshin katako in ba ka da ita. A ganina duk mai wannan sana'a da ba shi da ita, caca yake yi da jarinsa. Ranar sauke kaya ka buɗe kwalaye, ka jera fallayen a gicciye da tazara don iska ta ratsa, ka ɗaga su daga ƙasa. Ka auna fallaye da dama daga kwalaye daban-daban, ka auna katakon ƙasa da za a kafa a kansa a wurare da yawa, musamman kusa da banɗaki da bangon waje. Ƙa'idar NWFA ita ce bambancin danshi tsakanin su biyun kada ya wuce kashi 4 in faɗin falle bai kai inci 3 (wajen milimita 76) ba, kada ya wuce kashi 2 in ya kai inci 3 ko fiye. Ranar da lambobin suka shiga wannan iyaka kuma suka daina motsi, ranar ce ta kafawa, ko ta zo a kwana uku ko a goma sha biyu. In a kan siminti ne, shi ma da nasa gwajin, kuma ba a ma fara gwada sabon siminti sai ya yi aƙalla kwana 30. Katako mai hawa-hawa da aka manne da gam ya fi zalla haƙuri, wasu kamfanonin ma cewa suke kada a buɗe kwalinsa sai ranar aiki, don haka ka karanta takardar kowane kaya.

Yanzu batun kuɗi, wanda shi ne ainihin damuwarka. Jira yana cin kuɗi ne kawai in ba ka tsara shi ba. Me zai sa yaranka su zauna suna kallon katako? Ka sauke kaya, ka auna, ka tura su wani aikin, ko su yi ta daidaita ƙasan da share shi. Kuɗin kaya kuwa bai kamata ya zama naka ne ke kwance ba. Ka karɓi kafin alƙalami da zai rufe kuɗin katako kafin ka sauke, ragowar a raba, wani ranar fara kafawa, wani bayan kammalawa. Kwatanta wannan da gyara: ka cire daɓe, yawancin fallayen da ƙusa ko gam ya kama ba sa moruwa, ka sayi sabo, ka biya lada sau biyu, ga kayan ɗakin mai gida da za a fitar. Garanti kuma yawanci ba ya biyan ɓarnar danshi da ta samo asali daga wurin aiki. Aiki ɗaya irin wannan yana iya cinye ribar ayyuka da yawa.

Kuskuren da 'yan kasuwa suka fi yi shi ne yin alkawarin ranar gamawa tun kafin su ga gidan. Ka rubuta a yarjejeniya cewa kafawa za ta fara ne ranar da awo ya nuna gida da katako sun daidaita. Duk awon da ka yi ka ɗauki hoton na'urar a jikin falle, ka rubuta kwanan wata da ɗakin, ka tura wa mai gida. Mutumin da yake ganin lamba tana sauka daga 13 zuwa 11 zuwa 10 ba ya yawan kira yana faɗa, domin ya ga ana aiki. In kuma ya dage sai an kafa gobe, ka rubuta masa abin da zai iya faruwa ya sa hannu. Amma ka sani kuɗinka kawai wannan takarda za ta kare maka, baƙon da ya ga daɓe ya yi doro zai tambayi wa ya yi, ba zai nemi ganin takarda ba. Ni in awon ya yi nisa da ƙa'ida, gara in bar aikin.

Ga wannan aikin da ke hannunka, gobe ka je gidan da na'urarka kafin ka ɗauko ko kwali ɗaya daga sito. In ya bushe, ka sauke kaya a ranar, wataƙila ma ka cim ma ƙarshen watan. In bai bushe ba, ka ba mai gida zaɓi ya tare a ɗakunan da suka shirya a bar falo zuwa baya. Kuma ranar kafawa ka tsaya a kan yaranka su bar tazarar da kamfani ya ce a bari a jikin kowane bango, wadda a katako zalla takan kai milimita 19, katakon gindin bango zai rufe ta.