Amsar tambayarka kan ɗora Office biyu a kwamfuta ɗaya

Yaro, na ga saƙonka jiya da dare, ka ce wani kwastoma ya kawo laptop yana so a bar masa Office 2010 ɗinsa (tarin manhajojin Microsoft irin su Word da Excel) a kuma ƙara masa sabo, kai kuma ka taɓa gwada ɗora 2016 kan 2021 abin ya ƙi, shi ne kake tambaya wai dama ana iya haɗa biyu ko dai kai ne ka yi kuskure. Ana iyawa, amma ba kowanne ke zama da kowanne ba.

Ka daina kallon shekarar da ke jikin sunan, lambar ciki ita ce magana. 2007 lambarsa 12, 2010 lambarsa 14, 2013 kuma 15. To daga 2016 zuwa 2019 zuwa 2021 har da Microsoft 365 duk lambarsu ɗaya ce 16, fayilolinsu da rajistarsu (inda Windows ke adana saituna) wuri ɗaya suke nema, shi ya sa naka ya ƙi, ba hannunka ba ne, kamar ka ce mutum biyu su kwanta a katifar mutum ɗaya ne. Amma 2010 da 2021 lambarsu daban, za su iya zama.

Kafin ka taɓa komai ka duba bit ɗin Office ɗin da ke kai, wato ko nau'in 32-bit ne ko 64-bit. In tsohon 32 ne to sabon ma dole 32, in ka kawo 64 zai tsaya ya ce sai ka cire wancan, kuma yawancin 2010 da za ka gani 32 ne. Sannan tsoho ake fara sawa kafin sabo, koyaushe. In da faifai za ka sa sabon irin na da, kar ka danna Upgrade don zai cinye tsohon ne gaba ɗaya, ka shiga Customize ka zaɓi a bar na baya. Outlook kuwa, manhajar imel ɗin, guda ɗaya za ka bari, kar ma ka wahalar da kanka, biyu ba sa jituwa.

Abin da ya fi dawo min da kwastoma shago shi ne danna fayil. Mutum ya danna takardarsa sau biyu sai ta buɗe da wanda aka sa daga ƙarshe, shi kuma tsohon yake so, sai ya ce ka lalata masa kwamfuta. Ka zaunar da shi ka nuna masa da hannunka, ya fara buɗe Excel ɗin da yake so tukun sannan ya nemo fayil ɗin daga ciki. Wani lokacin kuma Word ɗin 2007 ko 2010 duk sanda aka buɗe shi bayan an buɗe ɗaya Word ɗin sai ya tsaya yana konfiga kansa kamar yau aka sa shi, mutum na sauri yana kallon layin yana tafiya a hankali, akwai gyaransa a rajista da ake kira NoReReg amma wannan ka bari sai muna tare, ba na so ka shiga rajista kai kaɗai tukuna.

Ni dai abin da nake so ka fara yi, ka tambaye shi me yake yi da 2010 ɗin. Da yawa tsoro ne kawai suke kar tsofaffin takardunsu su ƙi buɗewa, alhali sabon yana buɗe doc da xls, wato tsofaffin fayilolin Word da Excel, lafiya lau. In kuma wani tsohon Access ne (manhajar adana bayanai) ko Excel mai makro (umarnin da ke yin aiki da kansa) da aikinsa ya dogara a kai, to wannan uzuri ne na gaske, amma ka gaya masa Microsoft ta daina turo wa 2010 gyaran tsaro tun Oktoba 2020, kar ya riƙa buɗe fayilolin imel da shi. Irin wannan ni na fi son in sa masa VirtualBox, manhajar da ke yin kamar wata kwamfuta a cikin kwamfutar, in ajiye tsohon a ciki shi kaɗai, in dai ram ɗin laptop ɗin zai ɗauka. Ka kwafe masa fayilolinsa a filash kafin ka fara, ka kuma tabbata yana da mabuɗin lasisin 2010 ɗin a hannu, don in ya goge ba tare da shi ba, ba ka da hanyar mayar masa.