Garin shaƙa da fashewar hanci a lokacin hunturu

Yarona, ka tambaye ni dalilin da ya sa tun shigowar sanyi masu sayen garin shaƙa ke dawowa da kukan cewa tabarmu tana fasa masu hanci, alhali ganyen nan na fadamar Gulbi ne da muka saba dakawa. Ka kuma ce ba ka san abin da za ka gaya masu ba.

Ganyen yana nan yadda yake, iska ce ta sauya. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu na busowa daga arewa maso gabas, babu laima a cikinsa ko kaɗan, ga ƙura. Fatar bakin hanci kuwa siririya ce, ɗan maiƙon da ke jikinta ne ke tsare ta. Mutum ya shaƙi gari, hanci ya kawo ruwa, ya sa gefen rawani ko bayan hannu ya goge, iska ta busar da wurin nan take. Ya sake shaƙa, ya sake gogewa. A yi haka sau ashirin a wuni, maiƙon ya tafi, fata ta ɗaure, sai ta tsage a lungun da hanci ya haɗu da leɓen sama. Nan ne take fara buɗewa kusan kullum. Ita tabar ma tana matse ƙananan jijiyoyin jini, shi ya sa tsagar mai shaƙa ke daɗewa ba ta rufe ba.

Amma babban mai laifi a hannunmu yake, wato kanwa. Ita ce ke tayar da ƙarfin taba har mai shaƙa ya ji ta hau masa kai, kuma ita ce ke cinye maiƙon fata. Dubi tafin hannun mai wanki da sabulun toka, haka kanwa ke yi wa bakin hanci. Saboda haka awon damina ba shi ne awon sanyi ba. Inda kake zuba cokali uku, mayar da shi biyu. Wasu za su ce tabar ta yi sanyi, ƙyale su. Wanda hancinsa ya fashe ba ya dawowa saye sai ya warke, in ma ya dawo.

Kada ka daka kanwa da ƙwayarta a cikin gari. Kanwar kasuwa ba ta rasa yashi, yashin nan kuma shi ke kankare cikin hanci. Jiƙa ta a ruwa tun da dare, da safe ka tsiyaye ruwan sama ta cikin ƙyalle mai tsabta, ka zubar da lakar da ta kwanta. Ruwan za ka yayyafa wa ganye, ka rufe shi ya yi laushi, sannan ka daka. Kafin nan ka zare jijiyar tsakiyar ganyen duka, domin ko ta daku tana barin ƙananan tsinke masu suka. Ka tankaɗe sau biyu. Abin da rariya ta riƙe ya koma turmi, kada ka murza shi da ƙarfi don ya wuce.

Sai batun laima, nan ne yara ke yawan ɓata aiki. Garin da ya bushe ƙayau yana tashi kamar toka, ya wuce har maƙoshi, ya kawo atishawa, atishawa ta kawo goge-goge. Gwajinsa mai sauƙi ne: ɗebo da yatsa biyu ka matsa. In ya ɗan haɗu sannan ya warwatse da ka taɓa shi, ya yi daidai. In ya zube bai haɗu ba, ya bushe. In ya manne a yatsa, ruwa ya yi yawa. Wanda ya bushe kada ka zuba masa ruwa kai tsaye, zai dunƙule. Jiƙa ɗan ƙyalle, ka matse shi sosai, ka shimfiɗa a bakin kwano ba tare da ya taɓa garin ba, ka ɗora murfi ya kwana. Ka riƙa daka na kwana uku ko huɗu kawai, a faranti kuma ka fitar da na wuni ɗaya, sauran ya zauna a rufe. Garin da ya yi farin gashi ko ya soma warin ruma, zubar da shi za ka yi, shanya ba ta gyara shi. Mai kuma, ko na kaɗe ko na shanu, ba ya shiga cikin garin shaƙa. Yana yin ɗoyi, kuma shaƙar maiƙo illa ce ga huhu.

Ga abin da za ka gaya wa mai saye. Ya rage yawan shaƙa, ya rage girman ɗiba, ya ja a hankali yadda garin zai tsaya a gaban hanci. Ya ajiye hankici mai laushi, ya riƙa dannawa maimakon gogewa, ya wanke shi kullum. Da safe kafin ya fita da kuma dare bayan ya wanke fuska, ya lakato man kaɗe ko basilin kamar ƙwayar dawa, ya shafa a bakin hanci daga waje, ya bar shi ya shiga fata kafin ya taɓa batta, in ba haka ba gari zai manne a wurin ya yi ta cin sa. Kada ya cusa man can ciki. Man zafi mai mantol kuma ya nisance shi: sanyin da yake ji yaudara ce, a kan tsaga ƙuna yake ƙarawa. Don wanke cikin hanci da dare, rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce ya isa, ko ya sayi ruwan gishirin wanke hanci a farmasi. Mai babur da mai sammako su rufe hanci da rawani.

Wanda fatarsa ta riga ta buɗe, babu man da zai yi masa aiki yana ci gaba da zuba kanwa a kan ciwo. Ya ajiye batta har wurin ya rufe, kai ma kada ka sayar masa. In haɓo ya zo, ya zauna ya sunkuyar da kai gaba, ya matse taushin hancinsa minti goma ba saki. Ɗaga kai sama jinin yake turawa maƙoshi. Ƙurji a cikin hanci ba a matsa shi. In ka ga ɓawo mai launin zuma, ko kumburi da zazzaɓi, ko haɓon da ke yawan dawowa, ko gyambon da ya wuce mako biyu bai warke ba, tura shi likita, kada ka ce za ka haɗa masa wani abu. In kuma ya tambaye ka ko man kaɗe na kare shi daga cutar taba, ka ce masa a'a, fata kaɗai yake karewa; tabar shaƙa tana kama mutum kamar sigari, tana kuma da tata illar. Yaron da bai kai shekara 18 ba kuwa kada ka auna masa.