Da gaske shugaban Amurka ya taɓa yin biris da hukuncin kotun ƙoli?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gardama ce ta kaure a majalisarmu, wani ya ce tun da aka kafa Amurka ba a taɓa taka hukuncin kotun ƙoli ba, wani kuma ya ce sam, akwai shugaban da ya yi kunnen uwar shegu da ita a kan filayen 'yan asalin ƙasar. Don Allah wanne ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na biyun ya fi kusa da gaskiya, shari'ar da yake nufi ita ce ta Worcester da jihar Jojiya a 1832, shugaban kuma Andrew Jackson ne. Amma sai ka san abin da ya kawo ta tukuna.

Lokacin nan Amurka yarinyar ƙasa ce, kuma idonta na kan yamma. A 1803 ta sayi yankin Luwiziyana daga Faransa a kan dala miliyan 15, girman ƙasar ya kusa ninkawa. A kudu kuma auduga ta zama kuɗi, masu bayi suna neman gona ido rufe, ga shi kuma filaye masu kyau suna hannun ƙabilu irin su Cherokee da Creek da Choctaw, waɗanda gwamnatin tarayya ta sa hannu a yarjejeniya da su cewa ƙasarsu tasu ce. Sai kuma aka gano zinare a ƙasar Cherokee wajajen 1829, shi ke nan Jojiya ta ce dokokinta sun hau kansu, ta soke majalisarsu, ta hana su ba da shaida a kotu a kan Bature, daga baya ma ta yanka filayensu ta raba wa fararen fata ta hanyar ƙuri'a.

Abin da ke min ciwo a nan shi ne mutanen nan ba abin da aka ce su yi da ba su yi ba. Suna da rubutunsu da Sequoyah ya ƙirƙira, sun rubuta tsarin mulki a 1827, sun buɗe jarida a 1828 da harshensu da Turanci, kai har yaƙi suka taya Jackson ɗin a Horseshoe Bend a 1814 lokacin yana janar. Da aka matsa musu ba su ɗau bindiga ba, shugabansu John Ross lauya ya ɗauka.

Ƙarar farko a 1831 kotu ta ce ba ta da hurumi. Ta biyun ta zo ne ta kan wani ɗan mishan, Samuel Worcester, da Jojiya ta yanke wa shekara 4 da aikin wahala don ya zauna cikin Cherokee ba da lasin jiha ba. Alƙalin alƙalai John Marshall ya ce Cherokee al'umma ce mai iyakarta, dokar Jojiya ba ta aiki a can, a saki mutumin. Jojiya ko lauya ba ta tura ba, hukuncin ya fito ta ƙi sakinsa.

To ina Jackson? Za ka ji ana cewa wai ya ce Marshall ya yanke hukunci, to ya je ya zartar da kansa. Masana tarihi ba su yarda ya faɗi haka ba, sai bayan shekaru sama da 30 maganar ta bayyana a rubuce. Kuma a ƙa'ida kotun ba ta kai ga ba shi umarni kai tsaye ba, ta tafi hutu kafin a zo wannan matakin. Amma kada wannan ya wanke shi a idonka, shi ne ya tura dokar kwashe ƙabilun zuwa hayin kogin Misisipi a 1830, wadda ta sha da ƙyar a majalisar wakilai, 102 da 97, kuma kowa ya san ba zai ɗaga ko ɗan yatsa a kan Jojiya ba. Da rikicin haraji ya ɓarke tsakanin gwamnatin tarayya da jihar Karolina ta Kudu a ƙarshen 1832, ba ya son Jojiya ta bi sahunta, sai aka lallaɓa ta bayan fage, gwamna ya saki Worcester a Janairun 1833, aka rufe fayil. An saki ɗan mishan, maganar ƙasa kuwa ko oho.

A 1835 gwamnati ta samu 'yan tsiraru, su Major Ridge da ɗansa John da Elias Boudinot, suka sa hannu a yarjejeniyar New Echota, aka sayar da ƙasar a kan dala miliyan 5 ba da yawun majalisar Cherokee ba. Ross ya kai koke mai sa hannun dubban mutane, duk da haka majalisar dattawa ta amince da ita da ratar ƙuri'a ɗaya tak. A 1838, lokacin Van Buren magajin Jackson ne a kan mulki, Janar Winfield Scott ya zo da sojoji, ana fito da iyali daga gida da bakin bindiga wani lokacin abinci na kan wuta, aka tara su a sansanoni cikin zafi, zawo da ƙyanda suka yi ta cin yara, sannan aka kora su a ƙafa cikin hunturu zuwa inda yau ake kira Oklahoma. Ana ƙiyasta kusan mutum 4,000 ne suka mutu, har da matar Ross. A Yunin 1839 kuma 'yan'uwansu suka kashe Ridge da ɗansa da Boudinot rana ɗaya, saboda dokar Cherokee kisa ta tanada ga wanda ya sayar da ƙasa ba izini.