Amsa: gobina sun ƙi cin abinci, biyu sun mutu

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi kifin gobi guda shida masu ratsin baƙi da rawaya, waɗanda masu sayarwa ke kira bumblebee goby, ka zuba su a tankin lita 40 na ruwan famfo, sun ƙi busasshen abinci, biyu sun mutu cikin mako uku. Allah ya mayar da alheri. Kafin ka ɗora wa ruwa laifi, leƙa cikin sauran huɗun. In ka ga tumbinsu ya shafe har ya lotsa, yunwa ce ke kashe su, kuma ita ta fi kashe irin wannan kifi.

Abin da ba ya motsi bai cika damunsa ba. Zai manne a jikin dutse ko gilashi, ya zuba ido, sai abu ya gifta ya cafke. Ba shi tsutsar sauro mai rai: ka ajiye bokitin ruwa a inuwa, ka riƙa kwashewa da rariya kullum kafin su zama sauro. Ƙwan artemiya, wani mitsitsin jatan lande da ake ba kifi, shi ma yana ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu a ruwan gishiri mai iska. Daskararriyar jar tsutsa suna karɓa in ka fesa ta gabansu da sirinji marar allura ta yi kamar tana motsi, amma wadda ta narke saboda ɗauke wuta, zubar da ita. Sau biyu a rana, kaɗan-kaɗan. In akwai kifin moli ko gofi a tankin, raba su, don za su wawashe abincin kafin gobi ya yunƙura.

Sai gishiri. Asalinsu bakin koguna ne a Indunusiya, Malesiya da Tailan, inda ruwan daɗi ke gauraya da na teku. Gishirin tankin kifin teku za ka nema. Ban da gishirin miya, ban da kanwa, kuma zartsin rijiya daban yake da wannan. Giram 6 a kowace lita zai ba ka kusan 1.003 a ma'aunin gishiri, ya wadatar. Kada ka zuba shi kai tsaye cikin tanki. Duk mako ka cire lita 10, ka narkar da giram 60 a bokiti da lita 10 na ruwan da aka kashe wa kilorin, ka zuba a hankali. Haka gishirin zai hau sannu-sannu, ƙwayoyin halittar da ke tace ƙazanta a filta, wato matatar ruwan tankin, ba za su mutu ba. In suka mutu, gubar amoniya da ke fitowa daga kashin kifi ta taru, kifin ya bi su.

Inda mutane ke yawan kuskure a nan: ruwa yana ƙafewa, gishiri ba ya tafiya. Yi alama a gilashin, in ruwa ya sauka ka cika da ruwan daɗi zalla. Da hunturu abin yana sauri sosai.

Zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 28. Da bazara in ya haura 30 iska tana ƙaranci a ruwan, za ka ga suna haki. Sa fanka ta riƙa bugun saman ruwan, ka kuma tanadi famfon iska mai batir.

Ƙasan tanki yashi mai laushi. Suna faɗa a kan wuri, don haka maɓoya ta fi yawansu: guntayen fayif, bawon katantanwa, aƙalla shida ga huɗun nan, kowace tana fuskantar wani gefe daban.