Maigadina Na Son Zuwa Aiki da Bindiga

TAMBAYA: Salam Malam. Ina da ɗan gidan mai a hanyar Funtua, sau biyu ɓarayi na shigo mana cikin dare, na ƙarshen har ɗaure maigadin suka yi suka kwashe cinikin ranar. Yanzu ya ce zai riƙa zuwa da bindigarsa ta toka. Idan ya harbi wani, abin zai shafe ni?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Wallahi zai shafe ka, sosai ma. A Najeriya ko bindigar toka sai da lasisin kwamishinan 'yan sanda, kuma lasisin na mutum ɗaya ne, ba a aronsa. Hatta kamfanonin gadi masu rajista dokar 1986 ta hana ma'aikatansu riƙe bindiga, balle maigadin da ka ɗauka da kanka.

To ka ƙaddara ƙarfe biyun dare ya ga inuwa a bayan tanki ya saki wuta, ashe yaron mota ne ya zo neman ruwa, iyayen yaron ba maigadi za su kai kotu ba tunda ba shi da ko sisi, kai za su nema da diyya domin a bakin aikinka ya yi kuma da saninka, ga 'yan sanda su ma za su tambaye ka. Sannan harbi kusa da fetur, Alhaji!

Dan Allah ka hana shi, a rubuce. Ka je wurin DPO na yankinku ka nemi sintirin dare, ka sa fitilun sola da kyamara, kuɗin ciniki kuma su tafi banki kafin magariba.